Kada a Sake Yi wa Damyana Baftisma

Ainu Shams, Alƙahira,
Ƙasar Masar.
Maris, 2015.

Zuwa ga Kawu Istifanus, katikist na Gidan Tsamiya.

Kawu, me yarinya 'yar shekara huɗu za ta yi wa Allah da har za a ja ta da kunne daga gaban bagadinsa jama'a na kallo? Na san ba haka ake buɗe wa babba wasiƙa ba, na kuma san za ka ce Masar ta lalata ni. To bari in gyara zama in yi yadda kuka koya mana. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Rahila da yara gaba ɗaya. Yaya ƙafar nan taka da ke kumbura in ka daɗe a kan keke? Yaya jikin Mama? An ce mini tarin ya lafa, har tana fitowa tsakar gida. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya saka muku da kuke ɗawainiya da ita. Mun ji an ɗage zaɓe zuwa ƙarshen watan nan, duk ɗan gida da ke nan hankalinsa na can. Allah ya sa a yi lafiya a gama lafiya, kada ku sake ganin irin abin da kuka gani a wancan karon.

Ni lafiyata ƙalau. Har yanzu ina kasuwar Ataba, ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta in sun zo sarin abaya da takalma, in kai su shago, in yi musu cacar baki da mai shagon, in ɗaure kaya in kai wurin awo. Har yanzu ɗaki ɗaya muke da Lawali, ɗalibin nan ɗan Gusau da na taɓa ba ku labarinsa. Alhaji Jibrin ne zai riƙo takardar nan zuwa Kano, shi zai ba direban Malumfashi. Da gangan ban kira ka a waya ba. Na san halina, na san naka. Kafin in kai ƙarshen magana za ka ce ba ni da kunya ka kashe wayar. Takarda kuwa ba a kashe ta.

Kada ka wahalar da kanka neman wanda ya kawo mini labari. Coci cike take ranar, kuma Yaya Asabe ba ta ce mini uffan ba sai da na tsare ta. Ga abin da na ji, in da ƙarya a ciki ka gyara mini. Lahadin farko da Yaya ta kai 'yarta Damyana coci bayan sun iso gida, Fada bai zo ba, kai ka ja sujada, kana raba jibin da ya bari. Mutane suka yi layi. Yarinyar ta zame daga cinyar uwarta, ta cire takalmanta ta jera a gefen benci, ta ɗauki ɗan farin ƙyallen da kakarta ta ɗinka mata ta riƙe a ƙarƙashin haɓa, ta shiga cikin manya. Da ta iso gabanka ta ɗaga kai ta buɗe baki. Wasu suka yi dariya. Kai ba ka yi ba. Ka ce wa ya saki 'yarsa tana wasa da jikin Ubangiji, ka sa hannun hagu ka kama kunnenta ka juya ta, ka tura ta baya. An ce ba ta yi kuka ba. Komawa ta yi can ƙarshen layi ta sake tsayawa, don a zatonta laifinta shi ne ta sha gaban manya. Sai da ta sake isowa, ta sake buɗe baki, ka daka mata tsawa, sannan ta fashe.

Bayan an tashi ka kira Yaya bayan coci, kai da dattawa. Ta yi muku bayani cewa yarinyar tun ranar baftismarta take karɓar jibi, haka ake yi a cocin ubanta. Ka ce a wace Katolika. Ta ciro waya ta nuna maka hoton ranar. Ka ga mutum mai gemu da baƙar riga, mace a gefensa da yara uku, ka tambaya su wane ne. Ta ce Fadansu ne, Abuna Buktur, da matarsa da 'ya'yansa. Khalas, in ji mutanen nan, wato shi ke nan. Ba ka ƙara tambayar komai ba. Lahadi mai biyowa, lokacin sanarwa, ka miƙe ka gaya wa garin da aka haife ta cewa Asabe ta bar Ikilisiya a Masar, ta bi wani addinin Larabawa inda limaminsu ke aure yana sujada da harshen Musulmi. Ka ce ba za ta karɓi jibi ba sai ta tuba a fili. Zumuntar Mata suka aiko a karɓi zanensu. Ita kuma Damyana ka ce ba a san irin wankan da aka yi mata ba, don haka za a haɗa ta da waɗanda Fada zai yi wa baftisma ranar Ista. Haba Kawu! Matar da ba ta cika shekara da binne miji ba, ta kwaso marainiya ta taho jinyar ƙanwarka, irin sannu da zuwan da ta samu ke nan?

Ni ina wurin ranar da aka yi wa Damyana baftisma, da idona na gani. Shekarar juyin juya halin nan ce, tankokin soja na nan a bakin tituna. 'Yar ƙaramar coci ce a wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa, in ba ka ɗaga kai ka ga gicciye ba sai ka ɗauka gidan haya ne. Marigayi Isam, mijin Yaya, mai aikin wayar lantarki, na tsaye da tawul. Abuna ya ɗauki jaririyar ya nutsar da ita cikin kwamin dutse sau uku, da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Ya tsamo ta tana tsala ihu, ya shafe ta da mai a goshi da ido da kunne da kowace gaɓa, wato ƙarfafawar nan da mu sai mun girma Bishop ya zo. Aka sa mata fararen kaya, aka ɗaura mata jan ƙyalle a kafaɗa. Da aka zo jibi, ya tsoma ɗan yatsa cikin ƙoƙon ya taɓa mata harshe. Ta yi shiru tana tsotsa. Mata suka rangaɗa guɗa. A cikin addu'ar ranar, da kunnena na ji an kira sunan Paparoma, wannan dai da hotonsa ke jikin kalandarka a lokacin. Tun daga ranar, duk Lahadi a kafaɗar ubanta take zuwa layi, da ta iya tafiya ta riƙa zuwa da ƙafarta. Ba ta san ana shiga coci a fito ba a ci ba. Abin da ka ga tana yi a gabanka ba wasa ba ne, shi kaɗai ne abin da ubanta ya samu ya koya mata kafin lantarki ya kashe shi.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ranar da Isam ya fara kai ni cocinsu na ja Yaya gefe na ce mata an yaudare ta. Babu gwangwani babu ganga, sai wasu fayafayan ƙarfe da ake kaɗawa. Hayaƙin turare har ba ka ganin na gabanka. Gurasar jibi kuwa mai yisti ce, zagayayya, mai kauri kamar gurasar Kano, an buga mata hatimin gicciye. Isam ya yi dariya ya nuna mini hoton Paparoma a bango. Na ce hoto ai kowa na iya ratayawa. Bambancina da kai, Kawu, shi ne ni ban hau mumbari da zatona ba. A aji uku na sakandare na tsaya, ka fi kowa sani, amma ba a hana ni karatu ba. Lawali ya koya mini baƙaƙen Larabci, kasuwa ta koya mini sauran. Kusa da Ataba akwai masu sayar da tsofaffin littattafai, nan na riƙa tsugunawa ina tono, in saya in zo in yi ta fama da ƙamus. Da na gaji da takarda sai na bi da ƙafa, don gani ya kori ji.

Abin da na tarar shi ne wanda ba a taɓa gaya mana ba a ajin katikism. Ashe tsarin da Fadoji Turawa suka kawo mana, wanda muke kira Katolika kawai, sunansa tsarin Latin, na Roma. Shi ne mafi yawan jama'a, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wasu ikilisiyoyi na Gabas, sun haura ashirin, kowace da bishop-bishop ɗinta da harshenta da yadda take sujada, kuma duk Paparoma ɗaya suke bi. A garin nan kaɗai na shiga wurin Maroniyawa 'yan Labanan. Na shiga wurin waɗanda ake kira Rum, masu fara gicciye daga kafaɗar dama, suna ba da jibi gurasa da ruwan inabi a haɗe. Na shiga wurin Armeniyawa da ke jan labule su rufe bagadi a tsakiyar Mas. Na ji Suryaniyawa na addu'a da harshen da ake cewa dangin wanda Yesu ya yi magana da shi ne. Na zauna da 'yan gudun hijirar Eritiriya, baƙaƙe kamarmu, lulluɓe da fararen mayafai suna buga wani ƙaton tambari. Cocin su Isam kuwa ta Kibɗawa ce, 'yan asalin Masar. Yawancin Kibɗawa ba sa ƙarƙashin Paparoma, gaskiya ne, amma akwai 'yan kaɗan da suke, kuma su Isam na cikinsu tun kakanni. A duk wuraren nan na shiga layi, baƙon da ba a san daga inda ya faɗo ba, ba wanda ya taɓa mini kunne.

Ka ce Fadansu na da mata. E, yana da ita, kuma ita ce ta kwana uku a asibiti da Yaya lokacin haihuwa, sa'ad da ba ta da uwa ba ta da inna a ƙasar nan. A tsarinsu mai aure na iya zama firist, sai dai ba ya aure bayan an naɗa shi, kuma ba a yin bishop da mai mata. Roma ta san da haka, ta yarda da haka, tun kafin a haifi kakanka. Kai ne fa ka karanta mana yadda Yesu ya warkar da surukar Bitrus daga zazzaɓi. To Kawu, a ina mutum ke samo suruka? A kasuwar Ƙafur ake sayo ta?

Ka ce harshen Musulmi. Da wane harshe kake so mutumin Asyut, garin su Isam, ya roƙi Allah, da Katsinanci? Kai da kanka in ka tashi ka ce Allah, ka ce sujada, ka ce addu'a, ka ce Almasihu, ka ce Lahadi, daga rumbun wa ka ɗebo su? Mutanen nan suna yi wa Yesu sujada a bakin kogin Nilu tun kakannin Baturen da ya yi maka baftisma ba su ji sunansa ba. Tasha ɗaya ce tsakanina da Matariya, inda suke nuna itacen da suka ce Maryamu ta huta a gindinsa da jaririnta lokacin da suka gudo wa Hirudus. Ƙasar da ta ɓoye shi yana jariri, jaririyarta ce ka kora daga teburinsa. Kuma ina da tambaya. 'Yan Labanan ɗin Kano da ke zuwa Mas da manyan motoci, da yawansu Maroniyawa ne, su ma a ƙasarsu Fadoji na da mata, su ma da Larabci aka yi musu baftisma. Ka taɓa jin wani katikist ya tsare su a ƙofa ya ce su kawo shaida? Kujerar gaba ake ba su. Ashe sai 'yar gwauruwa ce Larabcinta ke wari.

Da na ba Lawali labari, dariya ya fara yi, ya ce ashe mu ma muna da rikicin ƙabalu da sadalu, wato masu kama hannu a salla da masu sakewa, kowa na ganin sallar ɗan'uwansa ba ta yi ba alhali alƙibla ɗaya suke kallo. Da na kai wurin kunnen, sai ya daina dariya. Ya ce ko a wurinsu, duk zafin jayayyar, ba a taɓa fitar da ƙaramin yaro daga sahu don ya saki hannu ba. Shekara huɗu ina kare addinina a ɗakin nan da baki da littafi, ranar ce kaɗai na sunkuyar da kai.

Amma duk wannan ba shi ya hana ni cin abinci ba. Akwai abin da Yaya ba ta taɓa gaya muku ba, don ba ta son ku raina dangin mijinta, ni kuwa yau zan faɗa. Lokacin da Isam ya ce ita zai aura, gwaggwanninsa suka zo daga ƙauye suka ƙare mata kallo. Baƙar fata, 'yar aikin gidan likita, daga ƙasar da ba su san inda take ba. Suka tambayi yadda aka yi mata baftisma. Ta ce an zuba mata ruwa a goshi. Suka tafa hannu, suka ce wannan ai ba baftisma ba ce, wanke fuska ne, sai an nutsar da ita cikin kwami kafin ta shiga gidansu. Isam da kansa ya lallashe ta, ya ce ta yi haƙuri ta yarda, abu ne na ɗan lokaci, a rufe bakin tsofaffi. Ka san abin da 'yar ƙanwarka ta ce? Ta ce kawunta ya koya mata a gindin ɗorawa, da tsumagiya a hannunsa, cewa baftisma ɗaya ce domin gafarar zunubai, ba a maimaita ta. Ta ce in aka sake tsoma ta, ta ƙaryata Fadan da ya yi mata, ta ƙaryata uwarta, ta ƙaryata kawunta. Ta ce a fasa auren. Ita kaɗai, a ƙasar mutane, ba ta da ko inda za ta kwana in uwar ɗakinta ta sallame ta, ta tsaya a kan maganarka.

Wa ya tsaya mata? Mai matar nan. Abuna Buktur ya tara gwaggwannin a gaban jama'a ya wanke su tas. Ya ce ruwan da aka zuba wa Asabe a Gidan Tsamiya da ruwan da ke cikin kwaminsa ruwa ɗaya ne, wanda ya raina ɗaya ya raina duka. Ya ce katikist ɗin da ya koyar da yarinyar nan, ko wane ne shi, ya iya aikinsa. Har sunanka ya tambaya, ya yi ta ƙoƙarin faɗa yana karya harshe. Ya ɗaura auren ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa ta ba. Jallabiyar nan mai ruwan toka da kake sawa ranar Kirsimeti, daga bikin nan ta fito. Mutumin da ya kare baftismarka bai taɓa ganinka ba, kai kuma ka ga hotonsa sau ɗaya a fuskar waya ka soke tasa.

Yanzu ka ji abin da ka mayar da Yaya. Da na yi mata waya makon jiya ina zuga ta kada ta yarda, sai ta ce in ƙyale ta, ta gaji. Ta ce mata ba sa zama kusa da ita a coci, a bakin rijiya in ta iso sai hira ta mutu, Mama kuma na kuka tana cewa ta bi abin da ka ce a zauna lafiya. Ta ce a bar ka ka yi, ai ruwa ne kawai. Ruwa ne kawai, Kawu! Matar da ta yarda ta rasa miji don kada a maimaita. Abin da tsofaffin Asyut suka kasa cire mata, kai ka cire shi cikin wata biyu, kai da ka dasa shi. Ita kuma Damyana, in aka kaɗa ƙararrawar Lahadi ƙarƙashin gadon Mama take shigewa. In ta hango kekenka sai ta dafe kunne. Addu'ar Ubangiji da ubanta ya koya mata da Larabci ta daina yi, don yara na bin ta suna kwaikwayonta. Da aka ba ta wayar, ba ta tambaye ni alewa ba kamar kullum. Ta tambaye ni ko Yesun garin nan daban ne, kuma me ya sa ba ya son ta. Ka koya mini amsoshin katikism da yawa, ba ka koya mini wannan ba.

Na je wurin Abuna da zafina, na ce ya rubuta wa Bishop ɗinmu a sauke ka. Ya sa aka kawo shayi, ya bar ni na gama zuba. Sannan ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Ya ce mutumin da ya riƙe coci shekara talatin a inda Fada ba ya zuwa sai jefi-jefi, dole ya zama mai tsoro a kan jibi, don shi aka ba amanarsa. Ya ce rashin sani ne, ba mugunta ba. Ya ce in ta kama zai rubuta, amma ya fi so bakin da ya ɓata ya gyara, kada a kunyata dattijo daga sama. Ka ji shi fa, har yanzu kare ka yake yi. Ni ban yarda da shi duka ba. Na san wahalarka. Na san ƙauyukan da ka bi da keke cikin laka, na san kai ka tsaya a ƙofar coci lokacin rikici sa'ad da matasa suka shige dawa. Ba wanda zai ƙwace maka wannan. Rashin sani kuma ba laifi ba ne, kowa da inda idonsa ya tsaya. Amma wanda bai sani ba tambaya yake yi. Kana da lambar Fada a wayarka. Ba ka kira shi ba. Na kuma san ba ka gaya masa ba har yau, don da ka gaya masa da maganar ta mutu. Zai zo ranar Ista a gajiye, da ƙauyuka bakwai a gabansa, ya zuba ruwa a kan duk wanda ka tura masa, ka sa shi ya aikata abin da shi kansa zai ce haramun ne, bai sani ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma sai babban ya ɗaga kai ya duba.

Akwai kuma wadda ba ka sa a lissafi ba. Teta Samah, uwar Isam, kakar yarinyar. Ɗanta ya mutu, jikar nan ce ta rage mata daga gare shi. Da Yaya ta ce za ta tafi gida, 'yan'uwan Isam suka ce ta tafi ita kaɗai ta bar musu 'yarsu. Abuna ne ya shiga tsakani, ya ce su bar uwa da 'yarta, inda za ta akwai Ikilisiya, kuma kawun uwar ne ma ke riƙe da ita, wane tsoro kuma? Da sunanka aka saki yarinyar nan. Duk Lahadi bayan Mas tsohuwar nan sai ta ja ni gidanta cin abinci, kuma tambayarta ɗaya ce, ko Damyana ta karɓi jibi. Nakan cika bakina da burodi in gyaɗa kai. Na gaji da gyaɗa kai, kuma ba zan shiga makon shan wuyar Ubangiji ina yi wa tsohuwa ƙarya ba. Ranar da ta ji an sake yi wa jikarta baftisma kamar 'yar da ba ta da asali, 'ya'yanta maza za su tashi neman 'yarsu, kuma yarinyar takardun Masar gare ta. Ban san yadda shari'a za ta kaya ba. Na dai san Yaya ba za ta ɗauki wannan a kan wancan ba. In ta kai ga haka, kada wani ya ce Larabawa ne suka raba uwa da 'ya.

Ka gaishe mini da Mama, ka ce mata maganin da ta ce yana hannun Alhaji Jibrin. Ina gaida Inna Rahila, da Ladi da maigidanta, da Markus, da Baba Dogo in har yanzu yana gane mutane. Ina gaida dattawan coci da suka zauna suna kallo, da shugabar Zumuntar Mata da ta iya aike. Yaya Asabe ba sai ka gaishe ta ba, na san ba kwa magana. Damyana kuwa kada ka je gaishe ta, za ta gudu.

Saura magana ɗaya. Kada ka aiko mini da amsa, ba ni ka yi wa ba. Kada kuma ka kira Yaya ɗaki ka ce mata a bar maganar, ko ka zare yarinyar daga masu baftisma shiru-shiru a wuce kamar ba a yi ba. A fili ka faɗa, a fili za ka amsa. An ce Fada zai zo jin furta zunubi kafin Ista. Ranar, lokacin sanarwa, yana zaune, coci na cike, ka miƙe ka gaya masa duk abin da ka gaya wa jama'a, da matar Abuna da Larabcin da kunnen, kada ka rage komai. Sannan ka juyo ka amsa da bakinka, yadda na ƙarshen benci zai ji: Damyana 'yar Isam, Katolika ce ko ba Katolika ba ce? In ba ita ba ce, ka faɗi a kan me ka tsaya, Fada ya ji, mu ma mu ƙaru. In kuwa ita ce, to ka faɗa wa garin, ka faɗa wa uwarta da sunanta, kuma ka san da wace fuska za ka durƙusa ka faɗa wa yarinyar.

Ni ne ɗan ƙanwarka,
Ayuba.